Ku yi hattara da mai “maganin ciwon suga” a Facebook, ya cuce ni naira 85,000

Naira 85,000. Duk lokacin da na tuna sai zuciyata ta yi baƙi. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ni da hannuna na miƙa wa Hajiyarmu robar maganin na ce ta sha.

Shekara tara tana fama da ciwon suga, tana kan metformin, ƙwayar asibiti ta rage suga, safe da dare. Na ga bidiyon mutumin sanye da farar riga irin ta likitoci, yana cewa haɗin zogale ne da shuwaka da garahuni da hulba, wai an tace shi a ɗakin gwaji, yana wanke jini, cikin wata uku suga ya tafi har abada. Kada wani ya ce mini ban yi bincike ba. Na yi. Na nemi hujja, ya turo mini takardar binciken jami'a, shafi goma sha wani abu da Turanci, ga jadawali ga sunayen malamai. Ya ce, “Alhaji, ka karanta da kanka, ni ba na cin haram.” Wannan maganar ce ta kama ni. Ba na cin haram. Har yau tana yi mini yawo a kunne. Wa zai ga wannan takarda ya ƙi yarda? Itatuwan nan duk mun san su tun muna yara.

Ranar da muka kwasi Hajiya zuwa asibiti na'urar gwajin suga ta nuna sugan jininta ya haura 400. Tana ta shan ruwa, fitsari ba ƙaƙƙautawa, idonta na gani dishi-dishi. Kafin nan ai mai maganin ya riga ya sa mun ajiye metformin, wai ƙwayar Bature tana kashe ƙarfin maganin. 50,000 na fara turawa, ko da yake a'a, sai da na ba da 5,000 na kuɗin mota tukuna, daga baya ya ce a ƙara 30,000 na zagaye na biyu. 85,000 cif.

Ƙanwata da ke karatun haɗa magunguna ce ta karanta takardar muna zaune a bakin gadon Hajiya. Ta ce, “Yaya, wannan fa a kan ɓeraye aka yi.” Ɓerayen da aka sa wa ciwon suga da allurar alloxan, sauran gwajin kuma a cikin kwalba, don a ga ko ruwan ganyen na da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Binciken gaskiya ne, amma ba a gwada a kan mutum ko ɗaya ba, kuma ba shi ya yi ba, a intanet ya ɗauko. Lambar NAFDAC ma babu a jikin robar. Na tambaya tun farko, ya ce tana hanya. Na yarda.

Kwana shida muka yi, ƙarin ruwa da allurar insulin. Alhamdulillahi ta farfaɗo. Shi kuwa ya toshe ni a WhatsApp, amma jiya na ga ya saki sabon bidiyo. Ban yafe ba, Allah ya isa.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki duk suna wayata, zan ɗora su da daddare in na dawo daga wurin Hajiya. Duk wanda ya ce ku ajiye maganin asibiti, ku kashe wayar.