Kifin koi: zuba magani tun kafin ciwo, ko killacewa da dubawa?

Masu kiwon koi, wani kifin ado mai launuka da ake ajiyewa a tafki, sun kasu gida biyu. Wasu da zarar sanyi ya fara janyewa, ɗumin ruwa ya kai digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Celsius, sai su zuba magani a tafki ko da kifin lafiya lau yake. Hujjarsu ba ta banza ba ce: a wannan lokacin ƙwayoyin cuta irin su Costia da tsutsotsin fata kan farka tun garkuwar jikin kifi ba ta gama farfaɗowa ba.

Sai dai maganin ba ya tsayawa kan maƙiyi kaɗai. Potassium permanganate, wanda ke mai da ruwa shunayya, yana kashe har ƙwayoyin kirki masu tsabtace ruwa da ke cikin matatar tafkin. Formalin kuma yana rage iskar da ke ruwa, sai ka ga kifaye sun taso sama suna haki. Ga kuma harbi a duhu: praziquantel na maganin tsutsotsi, amma ba ruwansa da ciwon farin ɗigo.

Ɗaya ɓangaren sai sun gani da ido. Sabon kifi ya yi mako huɗu zuwa shida a wani baho daban, da komarsa daban. In wani ya fara gogar jikinsa da bango, ko ya maƙale fikafikansa, sai a kankaro ɗan yauƙin jikinsa a duba a madubin ƙara girma, a san abin da za a kashe.

Wannan ya fi ɗawainiya, kuma madubin ba araha. Ni dai nan na karkata, domin sau da yawa baƙon kifi ne ke shigo da masifar.