Awon Naitirojin a Abincin Kaji: Na'urorin Jamus da Abin da Zai Yi Aiki a Legas

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu harkar abincin kaji da garin waken suya a Agege da Oko-Oba. Tambayarku ta iso: da wace na'ura ake awon furotin a Jamus, kuma wacce za ta yi aiki a Legas? Ga yadda aikin yake a ɗakunan gwaji na nan Jamus.

Da farko, ba furotin ake aunawa kai tsaye ba. Naitirojin ake aunawa, a ninka da 6.25 a sami furotin. Alkama kuwa 5.7 ce, madara 6.38. Hanyoyi biyu ake bi.

Ta farko ita ce ta Kjeldahl, wadda aka fito da ita a Danmak a 1883, kuma ita kuka fi sani a gida. A niƙe samfur ya wuce rariya mai ido milimita 1, a auna giram ɗaya a bututun gilashi, a zuba sulfurik asid mai ƙarfi mililita 12 zuwa 15 da ƙwayoyi biyu na potasiyam salfet haɗe da kofa salfet. A dafa a digiri 420 na awa guda, har baƙin ya koma kore garau. In ya huce a ƙara ruwa mililita 75, sannan ruwan soda (kostik soda) mai ƙarfin kashi 40 cikin ɗari mililita 50. Tururi ne zai kori amoniyar da naitirojin ya koma zuwa cikin borik asid mai sinadarin nuna launi, a ɗiga haidurokilorik asid mai ƙarfin 0.1 N har launin ya juya. Lissafin kason naitirojin cikin ɗari: mililitar asid da aka ɗiga, a ɗebe ta bututun da aka dafa ba samfur, a ninka da 0.1, a ninka da 1.4007, a raba da nauyin samfurin.

Ta biyu ta Dumas ce. A naɗe samfur kaɗan cikin takardar kuza, na'ura ta ƙona shi da tsantsar oksijin a sama da digiri 900, jan ƙarfe ya mayar da hayaƙin iskar naitirojin, a karanta. Minti huɗu ko biyar an gama, ba asid ba hayaƙin asid. Manyan ɗakunan gwaji a nan da yawa sun koma kanta, da na'urorin kamfanin Elementar ko LECO.

To, ni dai ban ba ku shawarar ta biyun ba. Tana cin iskar gas ta hiliyom ko agon da oksijin mai tsabta sosai, ba irin ta masu walda ba. A nan in tukunyar gas ta kusa ƙarewa waya ɗaya ce, mota ta kawo, injiniyan kamfanin kuma yana zuwa bisa yarjejeniyar shekara. A Legas kuwa bututun ƙonawa ya tsage, ko jan ƙarfen ya mutu, sai ka zauna jiran kaya daga waje. In aka ɗauke wuta tanda tana da zafi, kafin ta dawo daidai an ɓata sa'o'i. Mai samfur goma a rana ba ya buƙatar wannan ɗawainiya. Tukunyar dafawa mai rami takwas da na'urar tururi, irin na kamfanin Gerhardt, Büchi ko Velp, sun ishe shi, muddin janareta zai riƙe awa ɗayar nan ba yankewa. Dahuwar da ta katse tana ba da sakamako ƙasa da gaskiya.

Inda masu gwaji na nan Jamus suka fi mu na gida shi ne binciken kansu. Kowane zagaye sai an saka bututu ɗaya ba samfur, da wani mai amoniyam salfet, wanda naitirojinsa kashi 21.2 ne. In bai dawo kusa da hakan ba, tururi na yoyo ko sodar ba ta isa ba. Alamar isar soda a ido: da an zuba soda ruwan zai koma shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa, in ya tsaya garau to asid bai mutu ba. Don duba dahuwa kuma gilaisin ake sakawa, ɗaya daga sinadaran da ke gina furotin, naitirojinsa kashi 18.66. Wanda ya sayi asid na awo a kasuwa, ba hatimi ba takarda, irin wannan gwajin zai taimaka masa ya gane abin da ya saya. Soda kuma a laimar Legas tana shan ruwa tana dunƙulewa, sai a rufe robar da kyau. Samfur mai maiƙo kamar ƙuli-ƙuli ko garin kifi yana kumfa ya hau wuyan bututu, don haka a fara da wuta kaɗan, a ƙara a hankali. In ruwan ya daskare bayan ya huce, asid ya ƙone da yawa, wataƙila naitirojin ya tsere, a sake.

Abu ɗaya da hanyoyin biyu duk ba sa gani: algus. Takin yuriya naitirojinsa kashi 46 ne, don haka kilo ɗaya cikin kilo ɗari yana ɗaga “furotin” da kusan maki uku. Da irin wannan dabara aka zuba melamin, wani sinadari mai yawan naitirojin, a madara a Sin a 2008. Garin waken suya mai kyau yana tsakanin kashi 44 da 48. In mota ta iso daga Arewa ko daga tashar Apapa, takardarta ta nuna 52, kar a sauke sai an yi gwajin yuriya daban. Kuma a ɗebi samfur daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasan lodi, a gauraya kafin a niƙa.