Tsohon gidan gurzar auduga: a rushe ko a gyara?

Tun da layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, kamfanin auduga na Turawan Ingila, wato BCGA, ya kafa gidan gurza a Zariya, ana ɗaure auduga ana lodawa a jirgi. Yau irin waɗannan gine-gine sun zama kango.

Mai son rushewa ya gina shaguna yana da hujja: kuɗin haya na shigowa da wuri.

Ni dai gyara na fi so. Bango mai kauri, rufi mai tsawo, iska na ratsawa ko a zafin bazara. A sauya kwano, a ja wuta, a zuba teloli da dukawa da masu ɗinkin babbar riga. Gyaran zai ci kuɗi, gaskiya ne, amma yaran Sabon Gari za su ga inda kakanninsu suka yi gumi.