Jenlain Ambrée: giyar da ake ajiyewa kafin a sha

Wannan sharhi na masu shan giya ne. Wanda addininsa ya hana, ba da shi nake ba.

A shagunan Lille, birni a arewacin Faransa, ba a wahalar samun Jenlain Ambrée, babbar kwalba mai santilita 75. Iyalin Duyck ne ke dafa ta a ƙauyen Jenlain kusa da Valenciennes, kuma gidan nasu yana aiki tun 1922. Tana cikin irin giyar da Faransawa ke kira bière de garde, wato giyar ajiya. A da, manoman arewacin ƙasar kan dafa irin wannan giya da hunturu, domin zafin bazara yana lalata dahuwa, sai su jera gangunan a ɗakin ƙarƙashin ƙasa har lokacin aikin gona. Wanda ya saba da burkutu, wadda in ta kwana biyu ta koma tsami, zai yi mamakin giyar da jiran makonni ke ƙara mata daɗi.

Ajiyar nan kuwa ana jin ta a baki. Launinta ja ne mai duhu, ruwan tas, kumfar tana daɗewa. Ƙamshin gasasshen burodi ke fara zuwa, sannan zaƙi-zaƙin tsiron sha'ir da ɗan ƙauri na narkakken sukari. Ɗacin kaɗan ne, sai can a ƙarshe yake taɓa harshe ya wuce. Ba ta karce maƙogwaro ko kaɗan. Amma fa in ka sha ta daga firji da sanyi ƙarara, ka yi asarar kuɗinka, don sanyin yana rufe komai. Ka bar ta a kan tebur sanyin ya ɗan ragu tukuna.

Da naman sa da aka dafa da albasa da giya, wanda mutanen yankin ke kira carbonade, ta fi dacewa. Cukun Maroilles da suke yabo da ita dai warinsa ya fi ƙarfina.

Na gwada 3 Monts ma, wata giyar ta wannan yanki, fara ce, ta fi bushewa a baki, barasarta kashi 8.5 cikin ɗari. Ni dai Jenlain ta fi min laushi. Sai dai laushin nan yaudara ne: barasarta kashi 7.5, kuma zaƙin yana ɓoye ƙarfin barasar. Babbar kwalba ta mutum biyu ce, tare da abinci, kuma mai tuƙa mota ya haƙura.