Marvel Snap: dek ɗin da ke ci ba sai ka kashe kuɗi ba

Jama'a masu tambayata wane gem ne yake tafiya a wajenmu nan ƙauyukan Ringim inda netwok sai ka hau tudu, to ni dai Marvel Snap nake bugawa, gem ɗin kati ne na waya, kowane kati da sunan wani daga jarumai da mugayen Marvel, wanda kamfanin Second Dinner ya fitar a watan Oktoba 2022, kuma a shekarar ya ci kyautar gwarzon gem ɗin waya a The Game Awards. Abin da ya sa ya dace da mu shi ne gajarta. Kati 12 ne kacal a dek, wato jerin katin da kake shiga wasa da su, zagaye 6, fili 3, wanda ya fi ƙarfi a fili biyu shi ya ci, wasa ɗaya bai fi minti uku zuwa huɗu ba, kafin mai caji ya ce wayarka ta cika ka gama wasa goma a wayar abokinka. Amma fa sai da data, ba ya yi babu intanet, kuma in netwok ya ɗauke ana tsakiyar zagaye na shida wallahi abin da ciwo.

To maganar dek. Sabon shiga kar ya wahalar da kansa, ya haɗa na Ka-Zar. Ka cika fili da ƙananan kati masu kuɗin 1 (kuzarin da wasan ke ba ka kowane zagaye ake nufi, ba kuɗin gaske ba) irin su Ant-Man da Squirrel Girl da Nightcrawler, zagaye na huɗu ka saka Ka-Zar ya ƙara musu ƙarfi, na biyar Blue Marvel ya ƙara wa kowa ɗaya ɗaya, shi ke nan ka mamaye ko'ina. Yana ci sosai a farko. Matsalarsa ɗaya ce, Killmonger, da an saka shi duk wani kati mai kuɗin 1 ya mutu, naka da nasu, sai ka ga fili wayam.

Shi ya sa ni na fi son dek ɗin kisa, kuma shi nake ba kowa shawara ya koma da zarar katinsa sun taru. Dabarar ita ce kai da kanka kake kashe katinka don ka amfana. Ka ajiye Nova da Bucky Barnes a fili ɗaya sai ka kawo Carnage ya cinye su, shi Carnage ya ƙara ƙarfi, mutuwar Nova ta ƙara wa sauran katinka, Bucky kuma ya dawo a matsayin Winter Soldier wanda ya fi shi nesa ba kusa ba, Wolverine ma in an kashe shi tashi yake ya faɗa wani fili. Ga Killmonger ɗin nan a hannunka kai ma, ka ga masu Ka-Zar sun shiga uku. Amma ka kula da Armor, in suka saka ta a fili babu abin da zai mutu a wurin, Cosmo kuma yana hana Carnage aiki a filin da aka saka shi, don haka kar ka zuba komai a wuri ɗaya tun ba ka ga hannun mutum ba. Akwai na Odin da White Tiger shi ma ba laifi, sai dai kowa ya san abin da za ka yi a zagayen ƙarshe.

Gaskiya fa rabin wasan ba dek ba ne, sanin lokacin guduwa ne. In ka danna maɓallin snap makin da za a ci ko a rasa a wasan ya ninka, yana iya kaiwa 8, in ka ga ba nasara ka janye ka rasa kaɗan. Wani dattijo a majalisarmu ya ce wannan ai caca ce, na ce Baba makin nan ba kuɗi ba ne, ba a sayarwa ba a cirewa, matsayi kawai yake ɗaga ka. Kamar Whot ɗin da ake bugawa a gindin bishiya ba da kuɗi ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne kuɗin sizin. Duk wata ana sabon sizin, wato sabon zangon wasa, da sabon kati da ake samu in an biya kusan dala 10, ka juya ta zuwa naira ka gani, mutumin da ke jiran kaka ya sayar da riɗi ina zai kai wannan duk wata. Kuma sau da yawa katin da aka saka wa kuɗi yana zuwa da ƙarfi, kai mai wasan kyauta sai ka daɗe kana tara tokin, wato kuɗin cikin gem da ake sayen kati da shi, kafin ka samu wanda kake so.

Fatana a sizin masu zuwa, su sauƙaƙa hanyar samun sababbin kati ga wanda ba ya biya, su kuma daina fito da katin da zai mayar da tsofaffi shara. Sannan ina son a ƙara wa 'yan Afirka ƙarfi, muna da Black Panther da Storm da Shuri da Okoye da Nakia, a ba mu katin da zai haɗa 'yan Wakanda, ƙasar su Black Panther, su zama dek guda mai cin wasa. In kana da waya mai ɗan sarari ka sauke, ka fara da Ka-Zar, tokin ɗinka kuma ka adana wa katin kisa irin su Venom da Death.