Zango guda ina bin kiɗan okestira a Manchester da kewayenta

Da shigowar watan Satumba na yanki tikitin jere na okestirar Hallé, wato babbar ƙungiyar makaɗa masu goge da ƙahonni da ganguna, irin tikitin da mutum ke zaɓar wasanni da dama a lokaci guda a yi masa ragi. Yanzu da zangon ya ƙare, na ga ya dace in faɗa wa 'yan uwa mazauna Manchester da garuruwan da ke kewaye da ita ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya, har da ƙari. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya ciro katinsa na banki, kuma wasu daga cikin darare mafi daɗi da na samu a ƙananan wurare na same su, wasu ma ban biya ko kwabo ba.

Hallé tsohuwar ƙungiya ce. Wani makaɗin fiyano ɗan asalin Jamus, Charles Hallé, shi ya tara makaɗa don babban baje kolin zane-zane da aka yi a birnin a 1857, da aka tashi kuma bai sallame su ba, ya fara shirya wasanni da kuɗin aljihunsa a watan Janairun 1858. A zauren Free Trade Hall da ke titin Peter suka daɗe suna wasa, ginin da yanzu ya koma otal. Tun 1996 gidansu shi ne Bridgewater Hall, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga tashar taragon St Peter's Square, kuma zauren na ɗaukar mutum sama da 2,300.

Zauren nan shi ne rabin abin da mutum ke biya. An ɗora ginin gaba ɗayansa a kan manyan sifirin na ƙarfe kusan 280, don kada girgizar tarago da motocin titi ta ratso ciki. Da na fara karanta wannan na ɗauka ƙawa ce kawai ta masu gini, sai da na zauna a ciki na gane amfaninsa. Babu lasifika, babu makirfo da ke ƙara wa kowa sauti. Mutum tamanin ko casa'in ne a kan dandamali, kuma akwai lokacin da dukansu za su sassauta hannu har kiɗan ya koma siririn zare, amma wanda ke can ƙuryar bene yana jinsa tar. A waya ko a rediyon mota irin wannan wurin ɓacewa yake yi, ka yi ta ƙara murya, can kuma sautin ya fashe maka a kunne. A cikin zauren kuwa, lokacin da masu manyan goge na gefe suka ja baka a hankali, a ƙirji nake jin abin kafin kunnena ya tantance shi. Wannan kaɗai ya isa hujjar barin gida cikin ruwan saman Manchester.

Shawarata ta farko kan wurin zama ce. Kujerun tsakiyar ƙasa da na gaban bene su ne masu tsada, kuma sautinsu ya fi daidaito, babu musu. Amma ga sabon shiga na fi son kujerun da ke bayan makaɗa, ƙarƙashin babban ogan mai bututu 5,500, inda mawaƙan amshi ke zama idan wasan na buƙatarsu. Suna cikin masu sauƙin kuɗi, kuma daga nan fuskar jagoran makaɗa kake kallo kai tsaye. Za ka ga yadda yake ɗaga gira ga mai sarewa kafin ta shigo, yadda yake danne masu ƙaho da tafin hannun hagu, yadda mai manyan ganguna ke sunkuyawa ya kara kunne a jikin fata yana gyara ɗaurinta a asirce alhali sauran na ci gaba da kiɗa. Na taɓa zura wa wani mai kuge ido ya yi zaman kusan rabin sa'a hannu a cinya, leɓensa na motsi yana ƙirga, sannan ya miƙe a nutse ya buga sau ɗaya ya koma ya zauna. Aibin wurin shi ne ƙahonni da ganguna suna kusa da kai, wani lokaci su danne goge, kuma idan akwai mawaƙi ko mai fiyano a gaba, bayansa za ka gani, sautinsa kuma gaba yake tafiya ya bar ka. Daren da babban baƙo zai yi wasa, gara a daure a ƙara kuɗi a zauna a gabansa.

Kafin a fara komai, mai busa obo ne ke ba da sauti ɗaya kowa ya daidaita kayansa a kai. Wanda ya taso yana jin algaita a ƙofar fada zai gane danginta nan take, domin duka biyun da tagwayen beli ake busa su, sai dai ita obo an tausasa mata murya.

Wannan zangon a hannun Kahchun Wong ƙungiyar take, ɗan Singafo da ya karɓi jagoranci a 2024 daga Sir Mark Elder, wanda ya riƙe ta tun 2000. Tsofaffin masu zuwa, waɗanda wasunsu ke ba da labarin zamanin John Barbirolli da ya sake gina ƙungiyar a 1943 ana tsakiyar yaƙi, har yanzu suna auna sabon da na baya a hirar lokacin hutu. Ni dai abin da na gani shi ne mutum mai tsabtar hannu, wanda ko ba ka san komai kan kiɗan ba za ka iya karanta abin da yake nema daga motsinsa. Ba ya gaggawa a wuraren da ke tafiya a hankali, yana barin sauti ya gama mutuwa kafin ya sauke hannu, kuma jama'a na girmama wannan shirun, ba mai tafi sai ya sauke.

Abu mafi wuya gare ni a farko shi ne tsawo da rashin baiti. Kunnenmu ya saba kiɗa na tafe da magana, ko yabo ko habaici ko wa'azi, a nan kuwa za a yi minti arba'in ko hamsin ba a furta kalma ko ɗaya ba. Abin da ya taimake ni shi ne in saurari abin da za a kaɗa sau ɗaya ko biyu a waya kafin ranar, in riƙe karin da ya fi fitowa fili. Sinfoni, wato dogon kiɗa mai sassa da dama, ta farko da Edward Elgar ɗan Ingila ya tsara misali ce mai kyau, kuma a birnin nan wannan ƙungiyar ta fara kaɗa ta a duniya a 1908. Tana buɗewa da wani kari mai tafiyar ƙasaita, a hankali, sannan ya ɓace, ya riƙa leƙowa jefi-jefi, sai a ƙarshe ya dawo da dukan ƙarfin ƙungiyar. Idan ka san shi tun farko, kusan sa'a guda za ka yi kana dakonsa, kuma dakon ne ke riƙe hankalinka. In ba ka san shi ba, tsakiyar za ta yi maka nisa. Takardar bayanin da ake sayarwa a ƙofa tana da amfani, ko da yake wani lokaci an rubuta ta ne don waɗanda suka riga suka yi nisa.

Ladubban wurin ba su da yawa. Ba dole ba ne a sa kwat, na je da kaftani da hula ba wanda ya dube ni sau biyu. A kashe waya. Ba a tafi tsakanin sassan kiɗa guda sai ya ƙare gaba ɗaya, kuma wanda ya makara zai jira a waje har a samu tazara. Yawancin wasannin dare da bakwai da rabi ake farawa, a yi hutun kimanin minti ashirin, a tashi wajen tara da rabi. Cikin hunturu wannan ya yi daidai, domin mutum ya riga ya yi magariba da isha'i kafin ya fito. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni kuwa magariba na faɗowa ana tsakiyar wasa ko dab da tashi, don haka a wannan lokacin na fi zaɓar wasannin rana, kuma akwai su. Ana sayar da giya a farfajiya lokacin hutu, kamar kowane gidan wasa a ƙasar, akwai kuma shayi da askirim. A duba jadawali da kyau a watan Disamba da lokacin Ista, saboda da yawa daga abin da ake yi a lokacin waƙoƙin addinin Kirista ne, kowa ya san abin da zai shiga.

A zauren guda ƙungiyar makaɗan BBC Philharmonic ma ke wasa, ƙarƙashin John Storgårds ɗan ƙasar Finland. Sun fi Hallé kutsawa cikin sababbin ayyuka da waɗanda ba a cika ji ba, wanda wani dare zai burge ka, wani daren ka fito kana tambayar kanka me ka ji. Suna kuma yin wasanni a ɗakin naɗarsu da ke MediaCity a Salford, inda ake neman tikitin kyauta ta intanet.

Inda zuciyata ta fi kwanciya shi ne wajen ɗalibai. Kwalejin kiɗa ta RNCM da ke titin Oxford tana buɗe ƙofa da tsakar rana, sau da yawa kyauta, ka zauna taku kaɗan daga matasa huɗu masu goge, kana jin numfashin da suke ja tare kafin su fara, kana ganin zufa a goshin mai jagorantar su. A wannan kwalejin Abel Selaocoe ya yi karatu, ɗan Afirka ta Kudu mai kaɗa babban goge yana rera waƙa da harshen Sesotho, wani lokaci da wata murya mai kauri daga maƙogwaro. Duk wanda ya ga sunansa a jadawali ya yi maza, tikitinsa ba ya daɗewa. Daura da tashar jirgin Victoria kuma akwai makarantar Chetham's, mai koyar da yara 'yan shekara 8 zuwa 18, da zaurenta Stoller Hall da aka buɗe a 2017, mai kujeru ƙasa da 500. Na ga wata yarinya da ƙafarta da ƙyar take kaiwa matakin fiyano ta yi wasan da ya sa dattawan da ke gefena share hawaye. Ga mai yara, nan ya fi dacewa a fara kai su, gajere ne kuma tsaransu za su gani a kan dandamali.

Ƙungiyar Manchester Camerata, da ke zaune a tsohon gidan ibada na Gorton, ta cancanci a ambace ta saboda aikin da take yi da masu ciwon mantuwa. 'Yan uwanmu da yawa a nan aikin kula da tsofaffi suke yi, kuma sun san yadda wanda ya manta sunan 'ya'yansa ke iya bin kari da hannu ba kuskure.

A wajen birni, Liverpool ba ta kai sa'a guda a jirgi ba. Ƙungiyar makaɗanta ta samo asali tun 1840, zaurenta na titin Hope da aka buɗe a 1939 ya fi na Manchester ƙanƙanta da ɗumi, jagoranta kuma Domingo Hindoyan ne ɗan Venezuela. Buxton, can cikin tsaunukan Peak District, tana bikin opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa, duk watan Yuli a wani kyakkyawan gidan wasa na 1903, amma wannan sai mai ɗan hali, domin tikiti da masauki duk suna tashi. Matsalar fita waje da dare ita ce dawowa. Sau da dama na fita ana tsakiyar tafi don in riski jirgi, akwai kuma daren da aka soke wanda na dogara da shi, na ƙare a tasi da kuɗin da ya ninka na tikitin. A duba jirgin ƙarshe, a kuma duba wanda ke gabansa.

Abin da ba zan so kowa ya rasa ba kyauta ne, kuma a kan titi ake yinsa. Ranar Juma'ar da ake kira Whit Friday, cikin watan Mayu ko Yuni, ƙauyukan Saddleworth irin su Delph da Dobcross da Uppermill na cika da ƙungiyoyin masu busa ƙahonnin tagulla sama da ɗari. Al'ada ce da ta taso daga ma'aikatan masaƙu da mahaƙar kwal tun ƙarni na 19. Kowace ƙungiya za ta sauko daga bas, ta yi maci a titin ƙauye, ta tsaya a fili ta busa kiɗa ɗaya, alƙali kuma na zaune a rufe cikin wata 'yar mota-gida ba ya ganin masu busar, kunnensa kawai ke aiki. Daga nan su ruga bas zuwa ƙauye na gaba, haka har dare ya raba. Manyan ƙungiyoyi irin su Black Dyke da Brighouse and Rastrick na bin layi ɗaya da yaran makaranta. Shi kansa Kahchun Wong da ƙaramin ƙaho ya fara a ƙungiyar makarantarsa ta firamare.

Abu ɗaya ya ci gaba da damuna duk tsawon zangon. A manyan zaurukan yankin, akasarin masu sauraro farare ne kuma masu furfura, sau da yawa in waiga ban ga baƙar fata ko ɗaya a layina ba, alhali birnin cike yake da mu. Ban ga wanda ya nuna mini bambanci ba, hasali ma wata tsohuwa da kujerarta ke kusa da tawa ta saba ajiye mini alewar tari. Kuɗi ma ba su ne shingen ba, tunda kujeru masu arha ba su kai tikitin kallon manyan kulob ɗin ƙwallon birnin ba, ɗalibai da matasa kuma ana yi musu ragi sosai. Labarin ne bai iso unguwanninmu ba. A zango mai zuwa zan rage yawan tikitin jere, in bar gurbi ga wasannin ɗalibai da na Liverpool na ranar Lahadi, kuma duk wanda zan yanka zan yanki biyu, in ja wani daga cikin 'yan uwa mu tafi tare.