Shubnikov–de Haas ko de Haas–van Alphen: wanne za a ɗauka?

Ƙanwata, kin tambaya a zauren nan namu na ɗaliban fizik na Jami'ar Abdou Moumouni wane awo ne cikin biyun ya fi nuna cewa sinadarin rabin-ƙarfe irin su Cd3As2 ko TaAs yana da halin topoloji, wato wani tsari na musamman na kuzarin elektiron da ƙananan sauye-sauye ba sa rusa shi.

Tushensu ɗaya. An gano su a Leiden ta ƙasar Holan a 1930, kuma dukansu a jikin bismut. Idan aka sanyaya kiristal sosai, aka sa shi cikin maganaɗisu mai ƙarfi, kuzarin elektiron yakan rarrabu hawa-hawa, matakan Landau ke nan. Ana ƙara ƙarfin maganaɗisu, matakan suna tsallake iyakar Fermi, wato matakin kuzari mafi tsawo da elektiron suka cika, ɗaya bayan ɗaya, sai abin da ake aunawa ya riƙa hawa da sauka. Ki zana shi a kan 1/B, ba B ba (B shi ne ƙarfin maganaɗisu), za ki ga tazarar ta daidaita. Onsager ya nuna a 1952 cewa yawan kaɗawar nan yana ba da faɗin yankan saman Fermi kai tsaye, wato siffar da iyakar Fermi ke zanawa a taswirar motsin elektiron.

Bambancin yana ga abin da ake aunawa. Shubnikov–de Haas turjiyar lantarki yake bi: wayoyi huɗu sirara kamar gashi, a manna su a kan samfurin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya fi sauƙin kayan aiki, kuma shi ke aiki a kan ɓawo siriri. Da shi ne a 2005 aka ga kusurwar Berry ta π a grafin, ɓawon kabon mai kaurin atam guda; kusurwar nan gocewa ce a zangon kaɗawar, kuma ita ake nema a matsayin alamar topoloji. Matsalarsa, karon da elektiron ke yi da ƙazantar kiristal yana shiga cikin sakamakon. Ga kuma tarkon da mutane da yawa suka faɗa: lambar matakin Landau daga ƙarfin wucewar lantarki ake ɗora ta, ba daga turjiya ba. Wanda ya ɗauki tudun kaɗawar a matsayin kwarinta, kusurwarsa ta kauce da π cif, sai ya yi shelar topoloji inda babu, ko ya rasa ta inda take.

De Haas–van Alphen kuwa maganaɗisun samfurin kansa yake aunawa, sau da yawa ta murɗawar da yake yi a kan ɗan tsinke mai lanƙwasa. Ba a manna wa samfurin waya. A ganina ya fi tsabta wajen fitar da siffar saman Fermi da nauyin elektiron ta lissafin Lifshitz da Kosevich, musamman in aljihunan elektiron, wato sassan saman Fermi daban-daban, sun yi yawa kamar a ZrSiS.

Sai dai ko ɗaya bai isa hujja shi kaɗai ba. A kiristal mai kauri akwai ƙarin ±1/8 a lissafin kusurwa, rabuwar Zeeman ma, wato rabuwar kowane mataki gida biyu a cikin maganaɗisu, tana gurɓata ta. Shi ya sa tabbacin halin topoloji na Na3Bi da Cd3As2 a 2014, da na TaAs a 2015, ya fito ne daga awon ARPES, inda haske ke fizgo elektiron a ga tsarin kuzarinsu.

Aikin yana son sanyin heliyom mai ruwa, kelbin 4.2 ko ƙasa, da maganaɗisu mai ƙarfin tesla masu yawa. Don kundinki, ki nemi haɗin gwiwa da ɗakin gwajin manyan maganaɗisu na Faransa da ke Grenoble da Toulouse, ki roƙi ɗanyen sakamakon awon biyu a kan samfuri guda. Tacewar Fourier, lissafin da ke fitar da yawan kaɗawar daga sakamakon, kwamfutarki a nan Yamai za ta yi ta.